Wa ya ba da izinin cike kududdufin unguwarmu?

Baban_Ilham: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah masu sani nake so su amsa, ba 'yan jagaliyar siyasa ba. A bayan layinmu, nan gefen birnin Kano, akwai wani kududdufi da na tashi na tarar da shi. Duk ruwan unguwa can yake gangarawa. Bayan babbar sallar bara sai tifofi suka fara zuwa da daddare suna juye shara da ɓaraguzan gini. Kafin azumi an daddale wurin, an kafa duwatsu, an yanka fuloti goma sha ɗaya. Yanzu haka uku sun kai linta. Ruwan da aka yi daren Talata har uwar ɗaki ya shigo mana, katifa biyu da rabin buhun shinkafa sun tafi, takardun makarantar yara kuwa a kan fanka muka shanya su. Shekara goma sha tara ina gidan nan, ruwa bai taɓa tsallake dokin ƙofata ba. Na je wurin mai unguwa, ya ce wallahi shi ma gani ya yi. Na je wani ofis aka ce ba huruminsu ba ne, na je wanda suka tura ni aka ce in koma inda na fito. To wai a doka wa ke da ikon ba da fili irin wannan, ƙaramar hukuma ko jiha?

Mai_Shayin_Layi: Wa'alaikumussalam. Wanda ya ba da izini shi ne wanda zai zo jaje da buhun shinkafa da 'yan jarida. Ka jira shi, yana tafe.

Barista_Ƙarami: Allah ya mayar da alheri, Baban Ilham. Amsar tana cikin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo, kuma har yau tana liƙe a jikin tsarin mulki. Dokar ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Sai ta raba gida biyu: filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne kaɗai ke ba da takardar mallakarsa. Wanda ke wajen birni, ƙaramar hukuma na iya ba da takardar mallaka ta gargajiya, har hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna. Gwamnan ne kuma ke shata inda birni ya tsaya. Saboda haka idan unguwarku tana cikin ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar Kano, wato Birni, Dala, Fagge, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo, kusan tabbas maganar fili ta jiha ce. Izinin gini kuma na KNUPDA ne, wato hukumar tsara birane ta jihar Kano.

Baban_Ilham: Na gode Barista. Kenan ciyaman ba ruwansa?

Barista_Ƙarami: Da ruwansa mana, har wuya. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, kwashe shara, sa wa tituna suna da lambar gidaje, sannan ginawa da kula da hanyoyi da magudanan ruwa da wuraren shaƙatawa da filayen da aka bari a buɗe. Ka ga fili ba nasa ba ne ya bayar, amma ruwan da ya shiga ɗakinka da sharar da aka cike ramin da ita duk suna cikin aikinsa. A nan ne kowa ke samun hanyar zillewa.

Maman_Khairat: Ni fa ku yi haƙuri, ba zan yi kukan kududdufi ba. Wanda ke unguwarmu sai da ya ci yara biyu a shekara ɗaya, ɗaya almajiri ne da ya je wanki, kwana biyu kafin a ga gawarsa. Ga sauro, ga wari, da damina ruwan ya yi kore shar. Ranar da aka cike shi mata har guɗa suka yi. Ku maza kuna fita tun safe, mu ke wuni da warin, mu ke kwana asibiti da yara.

Malamin_Jogirafi: Hajiya, gaskiyarki ce, ba wanda zai musa. Amma ki duba abin da ya mayar da shi haka. Kududdufan Kano yawancinsu ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da badala. Da suka zama ramuka sai suka koma matattarar ruwan sama, su riƙe shi, ya riƙa tsuma a hankali yana shiga ƙasa, rijiyoyin unguwa su samu. Abin da ya lalata su shi ne da muka juya musu bakin kwatar bayan gida da bola. Idan aka cike rami, ruwan da yake ɗauka ba ya fasa zuwa, gidan wani yake nema. Ki tambayi dattawan unguwarku ko rijiyoyinsu sun ƙara zurfi bayan cikewar.

Maman_Khairat: Rijiyar gidanmu ta ƙafe kam, amma ni na ɗauka burtsatsen da maƙwabta suka yi ta haƙawa ne.

Malamin_Jogirafi: Duka biyun ne. Ana zuƙa ta ƙasa, an toshe ta sama. Ƙara da intalok da simintin da kowa ke malala wa tsakar gidansa da ƙofar gida, ɗigo ɗaya ba ya shiga ƙasa, duk titi yake fita.

Dillali_Na_Allah: Na san ƙarshenta kanmu za a sauke. To bari in faɗa muku, dillali ba ya yanka fili, haɗa mai saye da mai sayarwa yake yi ya karɓi la'adarsa. Wanda ya saya ma ba mahaukaci ba ne. Mutum ya shekara ashirin yana haya, mai gida na ƙara masa kuɗi duk shekara, ya ji an ce ga ashirin da biyar a hamsin a kan kuɗin da zai iya. Ku ce masa kar ya saya, ya je ina? Filin gwamnati mai takarda wa yake samu in ba mai uwa a gindin murhu ba? Awon igiya shi ya rufa wa talakan Kano asiri, ko ku so ko ku ƙi.

Mai_Shayin_Layi: Ya rufa masa asiri da rani, ya tona da damina.

Tsohon_Kansila: Na yi kansila zango ɗaya a wata ƙaramar hukuma ta wajen birni, bari in faɗi abin da na gani da idona. Sashen filaye gaba ɗayansa mutum biyu ne da tebur ɗaya, taswirar da ke bango ta girmi wasu 'ya'yana, ba ko babur na zagaye. Mai gona zai mutu, magada su kira mai igiya ya yanka musu, a bar layi taku goma, ba filin makaranta, ba maƙabarta, ba inda ruwa zai bi. Dagaci ya sa hannu a matsayin shaida, a kawo mana takarda mu buga hatimi mu karɓi kuɗin shiga. Ni da kaina na taɓa tsayawa a kan a bar fuloti biyu a wani kwari don hanyar ruwa. Babban magajin ya dube ni ya ce, ranka ya daɗe, in kana son ruwa ya samu gida ka saya masa. Ba kuɗin biyan diyya a asusunmu, haka na ja bakina. Yau in ka je wurin, gidajen da ke kwarin kowanne an yi masa dakali a bakin ƙofa sai ka ɗaga ƙafa kamar za ka hau mota.

Ɗan_Yerwa: Ku da kuke da sauran lokaci ku tashi tsaye. Mu a Maiduguri mun gani ranar 10 ga Satumba 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle. Gwange, Kasuwar Monday, gidan zu, har fadar Shehu ruwa ya shiga. Ba na cewa gini a bakin kogi ne ya fasa dam, amma wanda ya gina a gaɓar Ngadda shi ya fara kwana a kan rufi.

Bahaɗejiya: Allah ya kiyaye gaba. Mu ma a 2022 da buhunan ƙasa matasa suka kwana suna tare ruwa. Namu dai daban ne, kogi ne da kacalla ta toshe, ba kududdufi ba.

Shugaban_Zaure: Amin. Jama'a a riƙa komawa kan tambayar Baban Ilham, kuma ba a kiran sunan kowa a zaure.

Abba_Gida_Biyu: Ai maganin irin wannan rusau ne kawai. Ba ku ga 2023 ba? Gine-ginen otal ɗin Daula, shagunan filin Idi, duk aka kwantar.

Barista_Ƙarami: Na gani, na kuma ga 'yan kasuwar filin Idi sun je kotu an ce a biya su diyya. Rusau yana zuwa ne bayan mutum ya zuba dukiyarsa, kuma sau da yawa wanda ake rushe wa shi ne na uku ko na huɗu da filin ya biyo ta hannunsa. Wanda ya fara yankawa ya daɗe da cinye kuɗin. Aikin da ya fi sauƙi shi ne a hana tifar farko juyewa.

Tsohon_Kansila: Wa zai hana ta? Wanda ke ganin tifar shi ne mai unguwa da kansila, ba su da iko. Wanda ke da iko yana ofis a cikin gari, ba ya ganin tifar. Matsalar kenan a dunƙule.

Mai_Zanen_Gida: Akwai dokar tsara birane ta 1992 da ta tanadi hawa uku: hukuma a tarayya, hukuma a jiha, da hukumar tsarawa a kowace ƙaramar hukuma. Hawa na ukun ne kusan ba a gina shi ba. Daga baya ma a 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara gari hurumin jihohi ne, a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya. To jihohin sai suka rungume komai. Kano kuwa ba baƙuwar tsari ba ce, akwai babban tsarin shekara ashirin da aka zana mata na 1963 zuwa 1983. Garin ne ya yi wa takarda nisa. Amma ni akwai abin da ya fi damuna da ba a taɓo ba: su waɗannan gidajen da ake ginawa a kan ciko, ko ruwa bai ci su ba ƙasar za ta zauna, bango ya tsage. Shara ba ta ɗaukar gini. Sannan irin ginin kansa, bulo inci shida, kwano a kai, taga ɗaya kamar ta kurkuku, an cinye fulotin kaf ba inda za a dasa ko zogale. Watan Afrilu ya zo da zafin da ya haura 40, ba wuta, mutum ya kwashi iyalinsa su kwana a titi.

Jikan_Magina: Yauwa, yanzu aka zo wurin. Kakana magini ne, na yi masa miƙon tubali ina yaro. Ɗakin soron da ya gina a gidanmu yana nan, katangarsa daga ƙasa ta kai kamu biyu, tana sirancewa in ta yi sama. Ka shiga da azahar a tsakiyar bazara ka ji kamar an yayyafa ruwa, da hunturu kuma ɗumi. Azarar giginya ce a rufin, gara ba ta cin ta. Bakan gizo huɗu suka haɗu a tsakiya, ɗaurin guga, ba rodi ko ɗaya. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa, a murza tubali da hannu ya bushe a rana, a jera shi kan yana sama. A waje a shafe da makuba, ta ɓawon ɗorawa, rufi kuma a yi masa laso da katsin marina. Ƙanina ya gina na bulo a gefe, ya sa tayil da silin, amma da rana ɗakin kaka yake gudowa ya yi ƙailula. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, har yau masu karatun zanen gini zuwa suke suna kallon bakunansa.

Maman_Khairat: Malam, kai ka taɓa kwana a ɗakin ƙasa ana ruwan kwana uku a watan Agusta? Ni na kwana. Kwanuka muke jerawa, uwarmu ba ta runtsawa tana sauraron ko katanga za ta yi ƙara. Duk shekara sai ka ji gini ya faɗo wa mutane, kuma kusan duk na ƙasa ne. Kar a mayar da talauci ado.

Jikan_Magina: Hajiya ban ƙi ta taki ba. Amma ginin ƙasa kamar jariri yake, yana son kulawa. Da can kafin damina kowane mai gida zai hau soro ya duba indararo, ya toshe tsaga, a yi yaɓe. Yanzu wa ke yi? Sannan abin da ya fi kashe shi ruwan da ke kwanciya a gindinsa ne. Ka ga mun dawo kan maganar Baban Ilham: a cike kududdufi, ruwa ya kwanta a lungu, ya jiƙa gindin katanga, ta zauna, sai a ce laifin ƙasa ne.

Mai_Shayin_Layi: To tsaya. Kun ce ramin ɗibar ƙasa ne ya zama kududdufi. Kenan in muka koma ginin ƙasa za mu samu sababbin kududdufai kyauta. Shi kenan an warware, a rufe zaure.

Malamin_Jogirafi: Da wasa ka faɗa amma haka tsohon birni ya yi aiki: gida ya fito daga rami, ramin ya ɗauke ruwan gidan.

Ɗan_Damagaram: Sallama daga Nijar. Ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan wurinmu ma'aikatar magajin gari ita ta saba yanka filaye tana sayarwa, kuma kar ku ɗauka hakan ya hana gini a hanyar ruwa. In kuɗin albashi ya yanke, fili ake yankawa. To ku da kuke cewa a ba ƙaramar hukuma iko, ku san abin da kuke roƙo. Batun ginin ƙasa kuma, ku zo jihar Tawa ku gani. Masallacin Yama da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 1986. A Dandaji kuma an mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, an gama a 2018. Mariam Kamara, 'yar Nijar, tana cikin waɗanda suka zana shi. Ba wanda zai kalle shi ya ce ginin talauci ne. Akwai kuma gini ba katako da aka koya wa magina da yawa a nan, rufin duk tubali ne a lanƙwashe, don itacen azara ya yi wuya.

Mai_Zanen_Gida: Na gode ɗan'uwa, hotunan Dandaji nake nuna wa masu ba ni aiki. Bulon nan jar ƙasa ce da ɗan siminti kaɗan, a matse, ba a ƙonawa. In aka yi masa harsashi na dutse ko kankare ya ɗago daga ƙasa, aka sako baki na rufi ya kare bango daga feshi, tsoron da Hajiya ke faɗa ya ragu sosai. Matsalata da masu gida ce. Wani Alhaji na zana masa, ya yaba, washegari ya kira ni ya ce uwargida ta ce ba za a ce mijinta ya gina mata gidan ƙasa ba. Muka koma bulo, a lokacin da buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024.

Dillali_Na_Allah: Uwargidan ta fi ka sanin kasuwa. Gidan ƙasa in na kai mai saye, kuɗin fili kawai yake biya, har ya ce a rage masa na rushewa.

Mai_Zanen_Gida: Shi ya sa nake cewa hukuma ce za ta fara. Ƙaramar hukuma ita ke gina ajujuwan firamare da ɗakin shan magani da rumfunan kasuwa. Da za a ce aji biyu kacal a kowace mazaɓa a yi su da bulon jar ƙasa, rufi mai tsayi, tagogi suna kallon juna iska na ratsawa, a dasa darbejiya a yamma da ginin, a sa tanki ya tari ruwan indararo, mutane da idonsu za su gani. Yanzu kuwa ka shiga aji da ƙarfe ɗaya na rana, yara tamanin a ƙarƙashin kwano ba silin, malam na koyarwa yana fifita da rajista.

Tsohon_Kansila: Injiniya, zanen ajin ma daga sama yake zuwa, da ɗan kwangilarsa. Mu sai dai a kira mu yanke kyalle.

Abba_Gida_Biyu: Ai yanzu an ba su 'yanci. Ba Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ba?

Tsohon_Kansila: Ta yanke, ranar 11 ga wata. Hukunci daban, abin da ke shiga asusu daban. Kuma ko kuɗin ya shigo, hukuncin bai taɓa dokar filaye ba, fili na nan a hannun gwamna. Abin da kuɗi zai iya yi shi ne a ɗauki ma'aikatan safiyo, a yi taswirar kowace mazaɓa a san ina kwari ina tudu, ina burtali ina maƙabarta, a biya diyya a karɓi ramukan da suka rage a sa musu shinge. In ciyaman ya ga dama kenan, bai ce motocin rabo zai saya ba.

Bafulatanin_Ruga: Tunda an ambaci burtali. Wanda muke bi da shanu tun ina yaro yanzu gidaje ne da gidan mai. In dabba ta taka gonar mutum a ce mun yi ɓarna. Ba birni kaɗai ake cinyewa ba.

Maman_Khairat: Tsohon Kansila, in dai shinge za a sa, a hana zuba shara, a daina sako ruwan masai a ciki, to na janye rabin maganata. Rabi fa. Sauro ba ya ganin shinge.

Malamin_Jogirafi: Rabin ma mun karɓa. In ruwan ya tsarkaka ana zuba kifi, tarwaɗa da karfasa suna rage tsutsar sauro, matasan unguwa kuma su samu abin yi. Dattawa za su gaya miki da can ana su a kududdufan birni.

Baban_Ilham: Jama'a na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma har yanzu ina nan inda nake: hadari na haɗuwa gabana na faɗuwa. Barista, a aikace me zan yi gobe da safe?

Barista_Ƙarami: Kar ka je kai kaɗai, kuma kar ka je da baki. Ku haɗu duk waɗanda ruwa ya shiga gidajensu ku rubuta takarda ɗaya, kowa ya sa hannu, ku haɗa da hotuna da bidiyon daren Talata, da tsohon hoton wurin in akwai. A Google Earth ana iya komawa baya a ga hoton shekarun da suka wuce, ramin zai fito ɓaro-ɓaro. Ku kai wa hukumar tsara birane, kwafi ga ma'aikatar filaye, ma'aikatar muhalli, ciyaman da hakimi. Kowane ofis ku sa a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Abu biyu za ku tambaya a rubuce: shin akwai shacin da aka amince da shi a wurin, kuma shin masu ginin suna da izinin gini. In shiru ta yi yawa, lauya zai iya neman kotu ta dakatar da aikin kafin a saurari ƙara.

Dillali_Na_Allah: Shawara kyauta: ku fara zama da waɗanda suka saya. Wataƙila su ma takardar da ke hannunsu ta mai unguwa da shaidu biyu ce kawai. In suka gane kuɗinsu na cikin haɗari, su za su nuna muku wanda ya sayar musu.

Mai_Shayin_Layi: Dillali ya tuba a bainar jama'a. A rubuta rana.

Dillali_Na_Allah: Ban tuba ba, ba ni na yi cinikin ba ne.

Jikan_Magina: Kafin takarda ta yi tafiyarta, ku yi gayya ranar Asabar ku yashe kwatar layin, ku duba ko akwai inda za a fasa wa ruwan hanya ya fita babban lambatu. Kuma Baban Ilham, in katangarka ta ƙasa ce ka duba gindinta yau ɗin nan, in ta jiƙa ta yi laushi ku kwashe yara daga ɗakin.

Baban_Ilham: Ta bulo ce, amma ta maƙwabcina ta ƙasa ce, tsoho ne da jikoki, yanzu zan leƙa. Na yi magana da liman, ya ce zai yi sanarwa bayan sallar isha'i a zauna a ƙofar masallaci. Fuloti takwas ba a fara gini a kansu ba tukuna, ko su aka ceto aka sake haƙewa wani abu ne. Barista, takardar da Hausa za mu rubuta ko sai da Turanci?

Barista_Ƙarami: Ku yi biyu. Ta Turanci don fayil, ta Hausa don kowa ya san abin da ya sa wa hannu. Ka turo min daftarin ta akwatin sirri in duba maka.

Tsohon_Kansila: Ku tafi da kansilanku, ko ba ya so. Zaɓe na tafe, zai bi ku.

Maman_Khairat: Kuma ku sa mata biyu a cikin masu kai takardar, su suka kwashe ruwan da bokiti.